Banɗakin Inna da gawayi

Asabar, bayan isha'i.

Yau aka zo auna wurin da za a yi wa Inna sabon banɗaki a jikin ɗakinta. Tun da gwiwa ta matsa mata, fita makewayin tsakar gida da asuba ya zame mata aiki, balle da hunturu. Da daminar bana sau biyu santsi ya kusa kayar da ita.

Tun ranar Alhamis ɗan yayata, wanda ya karanci zanen gini, ya kawo takarda tsaf, bugun kwamfuta. Ya zauna gaban Inna yana karanto mata, rabin maganar Turanci, awon duk a milimita. Yaron ya yi ƙoƙari, kuma kyauta ya yi. Inna ta saurare shi har ya dire, ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Duk yadda kuka yi daidai ne." Na san wannan amsar. Ita take ba likita in ba ta gane abin da ya faɗa ba. Kwana biyu abin na cina a rai: banɗakinta ne, ita za ta riƙa shiga dare da rana, amma ko kalma ɗaya ba ta sa a ciki ba.

Da hantsi mai aikin famfo ya iso, wani dattijo marar yawan magana. Ya duba takardar, ya yaba, sannan ya ce a samo masa gawayi. Ya tsuguna ya zana girman banɗakin a kan daɓe, ƙafa 6 da ƙafa 7, ya bar giɓi gefe ɗaya.

"Hajiya, ga ƙofa nan. Bismillah, shigo."

Inna ta dogara sandarta ta tsallaka layin gawayin. Da ƙafar hagu ta shiga, kamar ginin ya riga ya tsaya.

"Ga masai a nan. Na zama kike so, mai kamar kujera, ko na tsuguno?"

"Tsuguno ai ya gagare ni, Malam." Ta tsaya a wurin, ta dubi katanga, ta dubi inda inuwa ta faɗi. "To amma nan ba gabas ba ne?"

Muka yi tsit. Alƙiblar Kano gabas take, ta ɗan karkata arewa, kuma a yadda aka zana, wanda ya zauna ita zai fuskanta sak. Mu uku muka karanta takardar nan, babu wanda ya lura. Dattijon ya goge da tafin ƙafa, ya juya masan ya dubi kudu, yadda ba a fuskanci alƙibla ba, ba a kuma ba ta baya ba.

Daga nan bakin Inna ya buɗe. Shawa ba ta dame ta ba, ita da bokiti da ruwan ɗumi ta saba. Tana son famfo a ƙasa, daidai gwiwa, inda buta za ta shiga ƙarƙashinsa. Tana son ɗan dakali na zaman alwala, da ƙarfe a bango wanda za ta kama ta miƙe, da ƙusa ta rataya zane inda ruwa ba zai kai ba. Ɗan yayata ya ciro biro yana rubutawa a bayan takardarsa. Shi ne ma ya ce ƙofar ta riƙa buɗewa ta waje, don in tsautsayi ya sa mutum ya faɗi a bayanta, a iya shiga a ɗauke shi.

Sai ta yi tambayar da ashe ita ce babbar damuwarta: banɗaki a jikin ɗakin kwana, wari fa?

"Hajiya, bututun ƙasan masai lanƙwashe yake. Ruwan nan da ke kwana a ciki shi ne murfi, shi yake tare warin sokawe. Sauran iskar kuma za mu sa mata dogon bututu ya zarce rufi, ta fita can sama."

Ya nuna mata kauri da hannu: inci 4 na masai, inci 2 na ruwan wanka. Ya tsiyaya ruwan buta a daɓe muka bi shi da ido har rariya, ya ce haka za a karkata ƙasan don kada ruwa ya kwanta. Duk wannan yana cikin takardar, sai dai da wasu sunaye daban.

Bayan la'asar na je Ƙofar Ruwa duba tayil. Masu sheƙi sun fi ɗaukar ido, amma dattijon ya ce mini in jiƙa hannu in shafa, wanda ya riƙe tafi shi ne na ƙasa. Na taho da guda biyu masu kaushi. Inna ta sa aka watsa musu ruwa, ta ɗora ƙafa a kan kowanne tana riƙe da kafaɗata, ta zaɓi mai ruwan ƙasa.

Ta hana yara share zanen. Da magariba na tarar da ita tsaye a cikinsa tana nuna wa maƙwabciyarmu da sanda inda dakali zai zauna, tana yi mata bayanin ruwan da ke tare wari. Litinin magini zai fara haƙa, in sha Allah. Gobe sai in kira mai bulo.