Yadda muka mayar da ɗakin tarkace ɗakin wasan 'yarmu

Ɗan ƙaramin ɗaki ne da muke jibge akwatuna da tsofaffin takardu a ciki. Da 'yarmu ta kusa shekara biyu, ta fara hawan duk abin da ƙafarta ta kai, sai ni da mahaifiyarta muka yanke shawarar kwashe tarkacen mu mayar mata da shi wurin wasa. Kafin in sayi komai, na shiga na durƙusa, na rarrafa daga ƙofa har taga don in ga abin da ita za ta gani. Soket ɗin wuta da ban taɓa kula da shi ba, ga shi saitin fuskata. Igiyar labule ta yi madauki wanda kan yaro zai shige tsaf. Wata ƙusa ta leƙo daga gindin ƙofa. Babba a tsaye ba zai taɓa ganin waɗannan ba.

Su na fara gyarawa. Mai gyaran wuta ya sa wa soket murfi, na cire labulen da igiyarsa gaba ɗaya, taga kuma na sa mata abin tokarewa yadda ba za ta buɗe fiye da santimita 10 ba, iska ta shiga amma yaro ba zai zura jikinsa ba.

Fenti ya fi ba ni tunani. Bangon tsoho ne, yana ɓarewa, kuma tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje tun 1978, amma a ƙasashe da dama an daɗe ana sayar da shi bayan haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalmar da za a ce ba shi da illa a jikin yaro, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Yaro mai wannan shekarun kuwa komai baki yake kaiwa. Shi ya sa ba mu goge bangon a bushe ba, don kada ƙura ta tashi. An jiƙa shi, an kankare inda ya ɓare, an kwashe, an wanke ƙasan, sannan aka shafa fenti mai ruwa wanda aka rubuta a gwangwaninsa babu dalma. Muka bar taga a buɗe har warin ya fita sarai kafin ta taka ɗakin.

Da na kai wa kafinta awon kantar da nake so, ya duba takardar ya ɗago kai. "Maigida, wannan ai ta yi gajarta, ko ƙugunka ba ta kai ba." Na ce masa, "Malam, ba ni zan riƙa ɗaukar kaya a kai ba, mai ɗakin ce." Ya yi dariya ya kama aiki. Hawa biyu ya yi mata, a buɗe babu ƙyaure, ya goge kusurwoyin suka yi mulmul. Wannan dabara ba tawa ba ce. Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya, tun 1907 da ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a birnin Rum ta sa aka ƙera kujeru da kantoci daidai tsayin yara, domin yaro ya ɗauki abin da yake so da hannunsa ba sai ya yi kuka an miƙo masa ba.

Duk gajartar kantar, sai da muka ɗaure ta a bango da ƙarfe. A wurin yaro kanta tsani ce. A 2016 kamfanin IKEA ya janye kabad masu dirowa kimanin miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun rikito sun danne yara har lahira. Aikin ɗaurewar bai fi 'yan mintoci ba, ban ga dalilin da wani uba zai tsallake shi ba.

Inda muka ɗan sha muhawara da uwargida shi ne kayan wasa. 'Yan uwa sun yi ta kawo kyauta har sun cika kwali biyu, ita kuma tana ganin rashin kyautawa ne a ɓoye abin da aka ba yarinya da zuciya ɗaya. Gaskiyarta ce ta wannan fuskar. Amma mun sha ganin yadda idan aka zube mata duka, sai ta ɗauki wannan ta yar, ta ɗauki wancan ta yar, ƙarshe ta fashe da kuka. Wani bincike da aka wallafa a 2018 daga Jami'ar Toledo ta Amurka ya gwada yara ƙanana 36: da aka ba su kayan wasa 4 sun fi daɗewa a kan abu guda, sun kuma fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi, fiye da lokacin da aka ba su 16. Sai muka daidaita: kaɗan a kan kantar, sauran a ajiye, lokaci-lokaci a musanya. Ranar da tsohuwar motar katakonta ta dawo, murna ta yi kamar yau aka sayo.

Kowane abu sai ya ci jarrabawa kafin ya hau kantar. Na ajiye kwalin tsakiyar takardar bayi, duk abin da ya shige ciki ba na ɗan ƙasa da shekara 3 ba ne, zai iya maƙale masa a wuya. Kayan da ke da ɗan batir mai kama da maɓallin riga kuwa, in murfinsa ba ɗaure yake da noti ba, fitar da shi nake. Idan yaro ya haɗiye irin wannan batir, cikin awa 2 zai iya ƙona masa maƙogwaro.

Tsakiyar ɗakin mun bar ta fili, sai shimfiɗa mai kauri wadda ba ta zamewa. Na so in sa ɗan tebur a nan, amma shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce yaro daga shekara 1 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, kuma gudu da birgima fili suke so. Talabijin ma bai shiga ba. A filin nan take jera tubalan katako ɗaya bayan ɗaya tun daga bango, harshe a waje don tsabar natsuwa, in ɗaya ya kauce ta dawo da shi da ɗan yatsa, sannan ta ture su duka da ƙafa tana ƙyalƙyala dariya.

Abu na ƙarshe da muka shigar shi ne wurin zaman babba, kuma ita ta nema. Idan ba kowa a kusa, kwasar kayanta take ta biyo mu duk inda muke. Muka ajiye babban matashi a kusurwa. Takan ja ni da hannu ta ce, "Baba, zauna," ta juya ta ci gaba da harkarta, sai dai jifa-jifa ta waiwayo ta tabbatar ina nan. Ƙyauren ɗakin ma mun cire shi, mun sa gajeriyar ƙofa mai sanduna, yadda mahaifiyarta za ta hango ta daga inda take aiki, su riƙa jin muryar juna.