Daren jiya a Mabera

Bayan Isha'i abokina ya ja ni taron waƙoƙin baka da kiɗan rege, na bi shi ina ƙunƙuni. Wata ɗaliba ta hau, ba ganga ba jita, ta karanto baitoci kan kakarta mai fura. Da ta kai inda tsohuwar ke ƙirga canji hannu na rawa, wuri ya yi tsit, har mai shayi ya daina kaɗa kofi. Sakkwato dai garin Nana Asma'u ne, shahararriyar marubuciyar waƙoƙin nan.

Regen kuwa, kiɗan nan na Jamaika, amonsa har cikin ƙirji. Janareta ya mutu sau biyu, mawaƙin ya ci gaba da tafinmu kawai. Wallahi nan ya fi daɗi. Sai sha ɗaya na samu kabu-kabu.