Rumbun ruwan mutanen Hunza

Jiya da la'asar ina gonar Baba a Dadin Kowa, muna ban ruwan shinkafar rani. Na fasa bakin lambatu da fartanya, ruwa ya gangaro cikin fangali yana tura busasshen ganye a gabansa. Baba ya ce, "Ɗan nan, wannan ai ruwan daminar bara ne, dam ya ajiye mana shi." Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin kwana biyu ke nan ina karanta labarin manoman Hunza da ke arewacin Pakistan.

Su can ruwan sama bai taka kara ya karya ba. Dam ɗinsu ƙanƙara ce, wadda ta daɗe daskare a kan duwatsu tun kaka da kakanni. Idan zafi ya shigo sai ta riƙa narkewa kaɗan-kaɗan, ruwan ya bi hanyoyin da magabatansu suka sassaƙa a jikin dutse, ya shayar da alkama da dankali da itatuwan marmari.

Yanzu ɗumamar yanayi ta sa tana narkewa babu kan gado. A watan Mayun 2022, tafkin da ya taru a ƙanƙarar Shisper ya ɓalle, ya karya gadar Hassanabad da ke kan babbar hanyar Karakoram, wadda ta haɗa Pakistan da ƙasar Sin, ya kuma ci gidaje da gonaki. Abin da ya fi damuna shi ne, ruwan da ya yi wannan ɓarna shi ne wanda 'ya'yansu za su yi noma da shi nan gaba. Rumbu ne ake ta ɗiba ba a zubawa.

A Baltistan, maƙwabtansu har aurar da ƙanƙara suke yi. Sukan ɗebo wadda suke kira namiji da wadda suke kira mace, su goya a kwando zuwa wani kogo mai inuwa can sama, su rufe da gawayi da ƙaiƙayi, su yi addu'a, sannan su jira shekaru ta girma. Wallahi da na karanta wannan sai da idona ya ciko.

Na ba Baba labarin muna wanke ƙafa a bakin lambatu. Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Allah Ya kawo musu ɗauki. Je ka toshe na gabas ɗin can, ya cika."