Kwana tara ina neman abin da ke damun sabuwar kwamfutar situdiyo

Shekara shida na yi ina haɗa kiɗa da tsohuwar kwamfuta a ɗan situdiyona da ke bayan titin Gidan Zoo, har ta kai matsayin da idan na ɗora murya goma sha biyu da amshi a kan kiɗa sai ta fara numfarfashi. Da na tara abin da ya samu, sai na je Beirut Road aka harhaɗa mini ta tebur, mai ma'adanar aiki ta RAM gigabait 32 da faifan SSD na terabait 1. Na ɗauko ta da murna, ina ganin wahala ta ƙare. Ashe kwana tara ke gabana kafin in ɗauki baiti ɗaya mai tsabta, kuma a duk matsalolin da na ci karo da su babu wadda ta fito daga ƙarfin kwamfutar.

Ranar farko na sa Windows 11, na sa manhajojin haɗa kiɗa FL Studio da Cubase, na jona akwatin sautina na Focusrite, wanda a situdiyo muke kira saunkad, sannan na kira wani yaro da ke yi mini amshi domin gwaji. Yana sa abin ji a kunne ya buɗe baki, sai ya dakata ya dube ni ta gilashi ya ce, "Oga, muryata tana biyo ni a baya." Duk wanda ya taɓa waƙa ya san babu yadda za a yi mutum ya zauna a kan kari alhali abin da ya furta yana dawo masa a makare.

Dalilin wannan jinkiri yana da sauƙin fahimta idan aka bi shi a hankali. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo. Tana tara shi ne a wani ɗan mazubi da ake kira bafa, sai ya cika ta juye, kamar mai ga-ruwa da ba ya barin bakin famfo sai jarka ta cika. Idan ana ɗaukar sauti sau 48,000 a kowane sakan, kuma girman bafa 1,024 ne, to cikarsa kaɗai tana cin milisakan 21, wato kashi 21 cikin dubu na sakan. Muryar za ta yi wannan jira wajen shiga, ta sake yinsa wajen fita, jimilla ya haura 40, kuma kunnen mawaƙi yana kama wannan sarai. Idan aka rage bafa zuwa 128, jiran kowane ɓangare bai kai milisakan 3 ba. Sai dai ƙaramin mazubi yana nufin yawan kai da kawowa, don haka kwamfutar tana ƙara shan aiki. Abin da na saba yi shi ne 128 lokacin ɗaukar murya, 1,024 lokacin tacewa, tunda a lokacin babu mai waƙar da zai ji jinkiri.

Kuskurena a ranar shi ne ɗoki. Na manta ban sauke direban akwatin sautin, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da shi, daga shafin kamfaninsa ba, manhajar kiɗan kuwa ta zaɓi hanyar sauti ta gama-gari. Tun 1997 kamfanin Steinberg na Jamus, masu Cubase, suka fito da tsarin ASIO domin manhajar kiɗa ta yi magana da akwatin sauti kai tsaye. Da yawa a cikinmu sun dogara da ASIO4ALL, wani direba na gama-gari, kuma yana da amfani ga wanda ba shi da akwatin sauti, amma a ganina wanda ya sayi akwati mai direbansa ba shi da hujjar barinsa. Ina sa direban akwatin nawa, jinkirin ya tafi. Ga wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi ma akwai mafita, domin yawancin akwatunan nan suna da maɓallin da ke mayar wa mawaƙi muryarsa kai tsaye ba tare da ta ratsa kwamfuta ba.

Daga nan sai ƙas-ƙas ya biyo baya, irin ƙarar gyaɗa a kasko, yana zuwa jefi-jefi ko da aikin ba shi da nauyi. Wannan ya ci mini kwana uku. Na sa wata ƙaramar manhaja mai suna LatencyMon, wadda ke nuna direban da ke riƙe kwamfuta fiye da kima, ta nuna mini na katin Wi-Fi. Na kashe shi, na mayar da tsarin amfani da wuta zuwa na cikakken ƙarfi, na hana kwamfutar ɗauke wa ramukan USB wuta don tattali, sannan na jona akwatin sautin a ramin baya kai tsaye. Ban yi su a tare ba. Bayan kowane canji sai na kunna aiki guda na saurara na minti goma, domin wanda ya taɓa abu biyar lokaci ɗaya, ko matsalar ta tafi ba zai san abin da ya kore ta ba, kuma ranar da ta dawo zai koma farko.

Tsofaffin ayyukana ma sun ƙi buɗewa yadda na bar su. Wasu filogin ɗina, wato ƙananan manhajojin da ake ƙarawa a cikin manhajar kiɗa, na tsohon tsarin bit 32 ne, Cubase kuwa ya daina karɓar irinsu tun fitowar na 9 a 2016, don haka na haƙura da su. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sautukan kalangu da kotso da sarewa waɗanda na ɗauka da kaina daga hannun makaɗa, domin ba a sayar da irinsu a ko'ina. Manhajar ta ce ba ta gan su ba. Suna nan lafiya, adireshin jakarsu ne ya canza, kuma ina nuna mata sabon wurin suka dawo. A daren na kwafe su zuwa faifai biyu.

Matsalar da ta fi zama tamu ta Kano ita ce gunji. Da dare ya yi unguwa ta yi tsit, sai na ji wani "huuum" a ƙasan lasifika, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma wannan kaɗawar ce kunne ke ji idan ta sami hanyar shiga layin sauti. Shaidar da ta tabbatar mini ita ce lokacin da aka ɗauke wuta muka tayar da janareto, sai muryar gunjin ta riƙa hawa da sauka tare da injin duk sanda firjin maƙwabcin shagona ya tashi. Na fara zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar tana soket ɗin bango na gabas, lasifikan suna na yamma, wayar sauti ta haɗa su, wutar da bai kamata ta bi ta cikinta ba tana bi. Na tattara komai a kan soket guda, na canza wayoyin lasifika zuwa masu baki uku irin XLR, gunjin ya ragu sosai amma bai mutu ba.

Sai na kira wani dattijo mai gyaran wuta. Ya kwance soket ya haska da tocila, ya ce, "Ɗana, ai ramin na uku ado ne kawai, babu wayar ƙasa a ginin nan." Na ce, "Baba, to mene ne abin yi?" Ya kafa sandar tagulla a bayan shago, ya ja waya zuwa ɗakin, ya gargaɗe ni kada in saurari masu cewa a karya ƙafar filogi ta uku don kashe gunji. Wannan ƙafar ita ke tsare ran mutum ranar da wuta ta taɓa jikin ƙarfe, kuma mawaƙi leɓensa na dab da makirufo. Ban yarda da wannan dabarar ba ko kaɗan, duk da na ga ana yinta.

Na ƙara da na'urar UPS, mai riƙe wuta idan an ɗauke, irin mai fitar da wuta mai santsi, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar adana aiki tana iya lalata shi gaba ɗaya. Saura zafi da ƙura: a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, ɗakin situdiyo kuma a toshe yake da soso, idan kwamfuta ta yi zafi da kanta take rage gudu, ƙas-ƙas ya dawo. Na ɗaga ta daga ƙasa, na bar mata sarari ta baya, kuma a lokacin hunturu ina buɗe ta duk wata in hure ƙurar.

A rana ta tara yaron nan ya dawo. Na kunna makirufo, na ɗaga ƙarar lasifika, muka yi shiru mu biyu muna saurare, babu abin da ke fita sai numfashinsa. Na sakar masa kiɗa, ya shiga a kan kari daidai, muka ɗauki amshin a karo na biyu kafin kiran sallar La'asar.