Centralia, garin da wuta ke ci a ƙarƙashinsa

A makon jiya, muna kan hanyar ziyartar wani ɗan'uwa a jihar Pennsylvania ta Amurka, sai muka ratse zuwa Centralia, wani ɗan ƙaramin gari a gundumar Columbia, cikin tsaunukan da aka daɗe ana haƙar kwal. Na zaci zan tarar da kangaye, amma abin da na gani shi ne tituna da mararrabu babu gidaje a gefensu, ciyawa da itatuwa sun cinye filayen da jama'a suka zauna a da.

An ba garin hukumarsa a 1866, kuma a ƙidayar 1890 mutum 2,761 ne a cikinsa, galibinsu iyalan masu haƙar kwal. A 1962 wuta ta kama cikin tsofaffin ramukan da ke ƙarƙashin garin, har yau kuma ba ta mutu ba. Da iska mai guba ta fara shiga gidaje, ƙasa kuma ta riƙa burmawa, sai majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 42 a shekarun 1980 domin a sauya wa mutane matsuguni. Ƙidayar 1980 ta nuna sama da mutum dubu, ta 2020 kuwa mutum biyar kacal.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maƙabartun garin, waɗanda har yanzu ake kula da su, da cocin 'yan asalin Yukren da ke kan tudu, wanda tsofaffin mazauna ke dawowa daga garuruwan maƙwabta su yi ibada a cikinsa.