Inda Taswira Ta Ce Ruwa Ne

Kwana biyu da barinmu Longyearbyen, babban garin tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, muka kai bakin ƙanƙarar teku. Watan Yuli ne, rana ba ta faɗuwa, sai dai ta yi ta kewaya sama har na daina tambayar ƙarfe nawa.

Kowace safiya ana liƙa taswirar tauraron ɗan adam a ɗakin matuƙi. Ta ranar ta nuna gabanmu rabi ƙanƙara ne, rabi ruwa. Da hazo ya yaye kuwa, sai ga fari fat iya ganin ido, jirgi na jan ciki, ƙanƙara na gurzar gefensa da wata ƙara mai shiga har haƙori.

Na dubi masaniyar da ke rubuta yanayin ƙanƙara duk awa, na ce, "Malama, ashe taswirar taku ma takan yi ƙarya?"

Ta yi dariya, ta nuna mini wasu kududdufai shuɗɗa da suka kwanta birjik a saman ƙanƙarar. "Ga masu laifin nan." Ashe na'urar tauraron ba hoto take ɗauka ba. Wani siririn tururin zafi take aunawa, wanda ƙanƙara ta fi ruwa fitarwa, shi ya sa gajimare da duhun hunturu ba sa hana ta aiki. Amma kududdufin da bai kai gwiwa ba, da ƙanƙara mai kauri a ƙarƙashinsa, ita a wurinta teku ne.

Idon na'urar ma ba shi da kaifi. Ana yanka teku gida-gida, kowane gida kilomita 25 tsawo da faɗi, wanda ƙanƙararsa ta kai kashi 15 cikin ɗari sai a ƙirga shi dungurungum. Kowace cibiyar bincike kuma da salon lissafinta, har alƙalumansu na rana ɗaya kan bambanta da dubban ɗaruruwan murabba'in kilomita. Awon kaurin ƙanƙarar ya fi wuya. Tauraron CryoSat-2 da aka harba a 2010 ɗan abin da ya leƙo saman ruwa yake aunawa, kusan kashi ɗaya cikin goma, dusar da ke kai kuma ƙiyasta ta ake yi. Kuskuren yatsa guda a sama, a ƙasa ya ninka kusan sau goma.

Gaskiya jikina ya yi sanyi. Na ce to raguwar ƙanƙarar tekun Arctic da ake ta faɗa fa?

Ba ta ɗago daga littafinta ba. Ta ce tun 1979 ake awon kusan ba yankewa. A shekarun 1980 ƙanƙarar Satumba takan kai murabba'in kilomita miliyan 7, a 2012 ta sauko kusan miliyan 3.4. "Kududdufi ba ya cinye rabi, Malam."

Ta rubuta ƙanƙara tara cikin goma a layin ƙarfe huɗu na littafin. Can sai matuƙi ya ce nan ne iyakarmu, ya juya kan jirgi kudu.