Littafin Lissafin Kawu Akanta

Bayan sadakar uku aka kira ni zaure. Babban ɗan marigayi ya turo mini akwatin ƙarfe ya ce, "Kai ba ka cikin magada, kuma kai ka fi zama da Baba. Duba mana abin da ake bin sa da wanda yake bi, kafin a zauna rabon gado." Marigayin ƙanin mahaifiyata ne, amma a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim babu mai kiran sa da wani suna sai Akanta.

Littattafai goma sha ɗaya na tarar. Mafi tsufa tun yana ɗan akawu a baitulmalin En'e, lissafinsa na fam da sule. A shafin Janairun 1973 ya ja jan layi ya rubuta cewa daga yau fam ɗaya naira biyu ce, sule kuwa kwabo goma. Da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991 aka mayar da shi Dutse, can ya yi ritaya, ya dawo gida. Biron dai bai ajiye ba. Har kuɗin manja da ladan mai yi masa huɗa suna ciki.

Kuskurena na farko shi ne na fara da sauraron mutane kafin na karanta. Wani ya zo da rantsuwa cewa yana bin Kawu buhun gero biyu, har na amsa masa, sai daga baya na ga rana da watan da aka biya shi, da shaidu. Ban kunyata shi ba, na nuna masa shafin mu biyu kawai. Wani dattijo kuma ya zo da kuɗi a ƙulle a gefen rawani zai biya, na duba na ga an soke sunansa tun shekara huɗu, an rubuta "na yafe". Ya daɗe zaune bai ce komai ba.

Da na juya littattafan ta baya sai na ga wani lissafin daban: 6-4, 3-6, 7-5. Duk wasan tanis da ya buga tun zamansa a Kano yana nan. A tsakani yakan saka labarin da ya ji a rediyo. Ya rubuta ranar da sojoji suka kori Arthur Ashe, shahararren ɗan wasan tanis na Amurka, daga fili a Legas a Fabrairun 1976, kwanaki kaɗan bayan kisan Janar Murtala. Ya rubuta yadda ɗan Najeriya Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a gasar Wimbledon ta Ingila a 1983, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Duk shekara kuma akwai kuɗin mota zuwa Kano kallon gasar tanis ta Dala.

Mu dai mun taso muna yi masa dariya. Tsoho da farin gajeren wando bayan la'asar, yana bin 'yar ƙwallo mai gashi a faƙon bayan gida! Ragarsa tsohuwar koma ce da ya saya wurin masuntan kogin Haɗeja, layukan kuwa toka ce daga murhun Inna. Abokan wasansa malaman firamare ne da duk yaron da ya yarda zai tsinto ƙwallo.

Na ƙudurta zan gyara filin kafin arba'in, a nan na sake kwafsawa. Na auna da taku, fili ya fito a karkace. Na kwarara ruwa da yawa, daɓen ya tsattsage da rana ta buɗe. Na zuba toka a bushe, iskar hunturu ta kwashe ta a dare ɗaya. Ashe duk yana cikin littafi na takwas: tsawo ƙafa 78, faɗi 27 in mutum biyu ne, 36 in huɗu ne, raga ƙafa 3 a tsakiya. Ya ce a auna kusurwa zuwa kusurwa, in biyun ba su zo daidai ba a sake. Toka kuma a dama ta da ruwa. Shekara nawa ina tsinto masa ƙwallo ban taɓa tambayar sa ko ɗaya ba.

Ranar da muka gama, wani ɗan sakandare ya zo da raket ɗin katako mai tsinkakkiyar igiya, ya ce, "Yaya, Baba Akanta ne ya ba ni aro, na dawo da shi." Na buɗe shafin ƙarshe. Sunan yaron na gani, ya ci Kawu 6-1, rubutun duk ya karkace saboda rawar hannu. A ƙasa an rubuta raket ɗin a ɓangaren abin da ya fita, ba a ɓangaren bashi ba. Na miƙa masa abinsa, na ce ya tsaya can ɗaya gefen ya nuna mini yadda ake riƙewa.